Mai toshe sikirif ya rikice bayan sabuntawa: a zauna da NoScript, a koma uBlock Origin, ko a sauya burauza?

Wata safiya na zauna zan biya wa ƙanena kuɗin makaranta ta intanet, ranar da za a rufe biya. Na cika fom, na danna maɓallin biya, shiru. Na sake dannawa, shiru. Da na ɗaga ido can saman burauza sai na ga alamar NoScript, ƙarin da ke toshe mini sikirif, ta sauya kama. Ashe cikin dare ya sabunta kansa, kuma jerin shafukan da na amince wa, wanda na shafe kusan shekara biyu ina tarawa, ya koma fanko. Ban taɓa ajiye kwafinsa ba. A ranar sai da na ari kwamfutar maƙwabci.

Sikirif, wato JavaScript, shi ne ɗan umarnin da shafi ke aiko wa burauzarka ta aiwatar. Shi ke motsa maɓalli da buɗe bidiyo, kuma shi ne dokin da talla da masu bibiyar mutane da wasu masu kutse ke hawa. Shi ya sa wasu ke ɗora ƙari, abin da masu kwamfuta ke kira ekstenshan, don ya tsaya a bakin ƙofa yana tantancewa. Wahalar ita ce ƙarin nan ɗan haya ne a gidan burauza. Duk ranar da mai gida ya sauya makulli, ko shi ɗan hayan ya sake tsarin ɗakinsa, kai ne za ka kwana a waje.

Kafin ka yanke shawara, gano wanda ya sauya

Matsalar tana zuwa ta fuska uku, kuma kowace da maganinta. Wani lokaci ƙarin ne ya sabunta. Haka ya faru a Nuwamba 2017, lokacin da Firefox 57 ta daina karɓar tsofaffin ƙari. Dole Giorgio Maone, mai NoScript, ya sake gina shi daga tushe. Sigar 10 ta fito kusan mako guda bayan Firefox 57, da sabuwar fuska da ta rikita tsofaffin masu amfani da shi, kuma babu wasu kayan aikin da aka saba da su. Wani lokaci burauzar ce ta sauya doka, kamar yadda Chrome ta fara kashe ƙarin da aka gina kan Manifest V2, wato tsohon tsarin dokokin gina ƙari, daga 2024, har ƙofar ta rufe ga kusan kowa a 2025. Wani lokaci kuma ba a taɓa komai ba, takardar shaida ce ta ƙare. A farkon Mayu 2019 wata takardar sa hannu ta Mozilla, masu yin Firefox, ta ƙare, Firefox ta kashe kusan duk ƙarin da mutane suka ɗora a dare ɗaya, har da NoScript da ke cikin Tor, burauzar ɓoye sawu, sai da sigar 66.0.4 ta fito aka samu sauƙi.

Don haka ka fara duba shafin ƙarin cikin burauza. In an rubuta cewa an kashe shi don ba a goyon bayansa, to dokar gida ce, sake ɗora shi ba zai yi komai ba. In yana nan da rai amma shafuka na lalacewa, ajiye kwafin saitinka tukuna, sannan ka gwada shi a sabon furofayil na Firefox, wato sabuwar ma'ajiyar saiti, wanda babu komai a ciki. In ya yi aiki a can, tsohon saitinka ne ya gurɓace, ba sai ka yi hijira ba. Sau da yawa ma abin bai wuce izinin aiki a tagar sirri ba, wanda ke kashe idan an cire ƙari an sake ɗorawa.

Ma'aunin da zan yi amfani da shi

Duk zaɓin da ke ƙasa kyauta ne, ba wanda zai karɓi ko sisi a hannunka, saboda haka farashin da nake nufi shi ne lokacinka da datarka. Ɗorewa ita ce ko abin zai rayu bayan sabuntawa ta gaba, kuma wa ke riƙe da wuyansa. Sauƙi shi ne yawan dannawar da za ka yi kafin shafi ya buɗe daidai, da ko za ka iya bar wa wani kwamfutar ba tare da ya kira ka ba. Haɗari kuwa iri biyu ne: abin da zai ratsa ya shigo, da abin da zai karye maka a tsakiyar biyan kuɗi. Akwai kuma tambayar da ta fi raba su: shin kana iya barin sikirif ɗin shafin da ka ziyarta ya yi aiki, ka hana na baƙin da ya gayyato?

NoScript a kan Firefox

Tun 2005 yake aiki, kuma ƙa'idarsa ba ta sauya ba: kowa abin zargi ne sai wanda ka wanke. Ka buɗe shafin jarida, ka danna alamarsa, za ka ga jerin adireshi sun sauko, na jaridar a sama, sauran na kamfanonin talla da ƙididdiga da masu ajiye bidiyo. Kowane adireshi kana iya barinsa a matsayin asali, ka amince masa na ɗan lokaci, ka amince masa dindindin, ka sa shi cikin waɗanda ba a yarda da su ba, ko ka yanka masa izini na musamman, misali ya nuna bidiyo amma kada ya gudanar da sikirif. Yana kuma da matatar da ke kama harin da ake cusa umarni daga wani shafi zuwa wani, abin da ake kira XSS. Wannan matatar ba kowane mai toshewa ke da ita ba, kuma tana cikin dalilan da suka sa burauzar Tor ke zuwa da shi a ciki.

Farashinsa a lokaci shi ne mafi tsada. Makon farko azaba ne. Ka amince wa adireshi ɗaya, shafi ya sake lodi, sai wasu sababbi uku su bayyana waɗanda na farkon ya kira, ka sake zaɓa, ya sake lodi. Ga mai sayen data kaɗan-kaɗan, wannan sake lodin ma kuɗi ne, ko da yake daga baya abin da yake hanawa saukowa yana rama masa. Bayan wata guda, in shafukan da kake zuwa sanannu ne, sai ya lafa.

Wurin da yake cizo shi ne biyan kuɗi. Shafin makaranta ya miƙa ka ga kamfanin karɓar kuɗi, shi kuma ya buɗe ƙaramar taga ta banki inda za ka sa lambar da aka turo maka a waya. Adireshi uku ke nan, na ukun ba ka ganinsa sai ka iso. In ka ba shi izini a wannan gaɓa shafin zai sake lodi, ciniki ya yanke, ka zauna kana tunanin ko an cire kuɗin ko ba a cire ba. Dabarar ita ce ka ɗage takunkumi ga tagar da kake ciki gaba ɗaya kafin ka fara cika fom, akwai maɓallin yin haka a saman jerin.

A wajen ɗorewa, mutum ɗaya ne jagoransa tsawon shekara ashirin, kuma har yanzu yana fitar da gyara. Mozilla ta ce za ta ci gaba da barin ƙari su tare buƙatun shafi ta tsohuwar hanya, don haka ƙasar da yake tsaye a kai a Firefox ba ta girgiza kamar ta Chrome. Akwai sigarsa ta Chrome tun 2019, amma a can yana ƙarƙashin dokar da ta kori wasu.

uBlock Origin a kan Firefox

Yawancin mutane sun san shi a matsayin mai toshe talla, ba su san cewa akwai cikakken mai toshe sikirif a cikinsa ba. Raymond Hill ne ya rubuta shi, ya fara a 2014, kuma ba ya ma karɓar gudummawar kuɗi. In ka ɗora shi ka bar shi yadda ya zo, yana aiki da jerin sunayen da masu sa kai ke sabuntawa, ya tare sanannun masu talla da bibiya, ya ƙyale sauran. A haka da wuya ya karya shafi.

Ƙarfinsa na gaske yana fitowa in ka shiga saiti ka yi alama a akwatin da ke cewa kai gwani ne. Sai wani allo ya buɗe mai layi biyu, ɗaya na duk duniya, ɗaya na shafin da kake kai. Ka sa ja a kan sikirif na baƙi da tagogin baƙi a layin duk duniya, shi ke nan ka shiga abin da ake kira matsakaicin yanayi. Sikirif ɗin mai gida zai yi aiki, na baƙi kuwa sai da izininka. In shafi ya buƙaci wani baƙo, ka ba shi launin toka a layin wannan shafin kaɗai, ka danna kwaɗon ajiyewa. Tokar tana nufin an ɗage dokarka amma jerin masu sa kai na nan suna tsaro.

A nan na ga ya fi NoScript dabara. A NoScript, in ka amince wa wani adireshi dindindin, a bisa al'ada ka amince masa a ko'ina. A uBlock Origin kana iya barin sikirif ɗin Facebook ya yi aiki a kan Facebook, ka hana shi a sauran shafukan da ya maƙale. Kuma da yake sikirif ɗin mai gida yana aiki tun farko, rabin wahalar makon farko ta tafi. In kana son ka kashe komai a wani shafi, akwai maɓallin hana JavaScript gaba ɗaya a ƙasan allonsa.

Rauninsa a bayyane yake. In shafin da ka shiga shi kansa ne mugu, matsakaicin yanayi ya riga ya buɗe masa ƙofa, sai dai in sunansa na cikin jerin miyagu. Ba shi da matatar XSS irin ta NoScript. Allon nasa kuma ba ya bayyana kansa, ja da toka da ƙananan alamomin ƙari da ragi, sai an zauna an koya. Tagar banki ma tana karyewa a nan, tunda taga ce ta baƙo, don haka kafin biyan kuɗi a danna babban maɓallin kashe shi ga wannan shafin.

Wasu kan haɗa shi da NoScript. Yana yiwuwa, in an bar uBlock Origin a yanayinsa na asali. In duka biyun suna tantance sikirif, duk shafin da ya karye sai ka bi ƙofa biyu kana neman wadda ta rufe.

uBlock Origin Lite a kan Chrome

Shi Raymond Hill ɗin ne ya fitar da shi a 2022 don ya dace da sabuwar dokar Manifest V3. A ƙarƙashin dokar, ƙari ba ya tsayawa ya duba kowace buƙata da kansa, sai dai ya miƙa wa burauza jerin ƙa'idoji ta aiwatar. Sakamakon haka yana da sauƙi ƙwarai, ba ya cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma matakai uku kawai yake da su da ake ja kamar ƙarar rediyo. Talla yana tare ta da kyau. Amma allon nan mai ja da toka babu shi, kuma jerin sunayensa suna sabuntuwa ne tare da ƙarin kansa. In abin da ka rasa shi ne ikon zaɓar sikirif ɗaya bayan ɗaya, wannan ba zai mayar maka da shi ba. Ɗorewarsa kuwa mai kyau ce, tunda da sabuwar dokar aka haife shi.

Garkuwar Brave

Brave burauza ce da aka gina kan tushe ɗaya da Chrome, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Brendan Eich, mutumin da ya ƙirƙiri JavaScript a 1995. Mai toshewarta a cikin jikinta yake, ba ƙari ba ne, saboda haka dokar Manifest ba ta shafe shi ba. Ka danna kan zakin da ke gefen adireshi, ka kunna toshe sikirif ga wannan shafin, ko ka kunna shi ga duka a cikin saiti. Ba ta kai NoScript ko uBlock Origin zurfi ba, amma ta fi ƙarfin abin da Chrome ke bayarwa. Kamfanin ya kuma ce zai ci gaba da riƙe wasu tsofaffin ƙari guda huɗu iya ƙoƙarinsa, ciki har da NoScript da uBlock Origin. Ni ba zan gina gida kan wannan alkawari ba, domin tushen da suke gini a kai na Google ne, kuma kullum riƙon zai ƙara nauyi.

Abin da ke damuna da ita shi ne tarkacen da take zuwa da shi: asusun kuɗin kirifto, tsarin lada na kallon talla, hotunan masu tallafi a sabuwar taga. Duk ana iya kashewa, amma sai an bi su ɗaya-ɗaya.

Saitin da ke cikin Chrome kanta

A cikin saitin shafuka akwai wurin hana JavaScript, da jerin shafukan da aka yafe wa. Ba ƙari ba ne, babu sabuntawar da za ta kashe shi, kuma yana nan har a Chrome ta wayar Android wadda ba ta karɓar ƙari sam. Sai dai gatari ne, ba aska ba. In ka buɗe wa shafi, ka buɗe wa duk baƙinsa.

Komawa tsohuwar siga

Wannan ne abin da zuciya ke fara raya wa mutum, kuma na yi shi. A Firefox ana iya sauko da tsohuwar sigar ƙari daga shafinsa na Mozilla, a kashe masa sabuntawa ta atomatik. Na kwana biyu ko mako guda, kafin mai shi ya fitar da gyara, babu laifi. Abin da ba na so shi ne a daskarar da burauzar kanta. Kowace sabuntawa tana toshe ramukan tsaro, kuma wanda ya ɗora mai toshe sikirif don tsoron kutse sannan ya zauna kan burauzar bara, ya kulle taga ya bar ƙofa a buɗe. Daskarewar ma ba ta ɗorewa. A ranar 14 ga Maris 2025 wata takardar shaida ta Firefox ta ƙare, kuma Mozilla ta yi gargaɗi tun kafin ranar cewa duk wanda ke ƙasa da siga 128, ko 115.13 a layin ESR, wato Firefox mai dogon tallafi, ƙarinsa za su daina aiki.

Wanda ya gaji da sauye-sauye, Firefox ESR ita ce hanyar halal. Tana karɓar gyaran tsaro a kai a kai, amma babban sauyi sai kusan sau ɗaya a shekara.

Sai gargaɗi kan neman madadi cikin fushi. uMatrix yana da masoya, amma an dakatar da aikinsa tun Satumba 2020. Ƙarin da sunansa uBlock kawai, ba tare da Origin ba, wani abu ne daban, ba na Raymond Hill ba. A Oktoba 2020 kuma an sayar da Nano Adblocker da Nano Defender ga wasu sababbin mutane, sabuntawar da ta biyo baya a Chrome ta zo da mugun umarni a ciki. Mai toshe sikirif yana ganin duk shafin da ka buɗe, har da na bankinka, don haka duba sunan mai shi kafin ka ɗora.

| Zaɓi | Farashi a lokaci | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| NoScript a Firefox | Mai yawa, musamman makon farko | Mai kyau | Da wuya | Yanke biyan kuɗi a tsakiya |
| uBlock Origin a Firefox, matsakaicin yanayi | Matsakaici | Mai kyau | Sai an koya | Sikirif ɗin mai gida na wucewa |
| uBlock Origin Lite a Chrome | Kaɗan | Mai kyau | Da sauƙi ƙwarai | Babu zaɓen sikirif ɗaya-ɗaya |
| Garkuwar Brave | Kaɗan | Mai kyau, ban da tsofaffin ƙari | Da sauƙi | Tarkacen da sai an kashe |
| Saitin Chrome | Matsakaici | Ba ya mutuwa | Da sauƙi | In an buɗe, an buɗe wa kowa |
| Tsohuwar siga | Kaɗan yau, mai yawa gobe | Babu | Da sauƙi | Ramukan tsaro |

Wane ne ya dace da wane

In kai ɗan jarida ne, ko mai bincike da aikinsa ke kai shi shafukan da bai sani ba, ko kana buɗe mahaɗin da baƙi ke turo maka, zauna da NoScript a kan Firefox ko da sabuwar fuskarsa ta ɓata maka rai. Fuska ana sabawa da ita cikin mako guda. Ka shiga saitinsa yau ka fitar da kwafin jerinka, ka ajiye a filashi ko ka tura wa kanka ta imel.

In burinka shafi ya buɗe da sauri, data ta yi auki, masu bibiya su ragu, kuma kana da haƙurin koyon allo ɗaya, uBlock Origin a kan Firefox ne naka. Nan na koma bayan abin da ya same ni, kuma nan nake tura yawancin masu tambayata. Shi ma yana da maɓallin ajiye saiti a fayil.

In wurin aiki ya ɗaure ka da Chrome, ɗora uBlock Origin Lite, ka haɗa da saitin JavaScript na burauzar ga shafukan da ba ka yarda da su ba. In kuma kana da 'yancin sauyawa amma shafukan aikinka sun fi son dangin Chrome, Brave ta fi.

A wayar Android zaɓi biyu ne na gaske: Firefox, wadda ke karɓar uBlock Origin da NoScript duka, ko Brave. Danna ƙananan akwatuna da ɗan yatsa yana gajiyarwa, don haka a waya ni ina barin uBlock Origin a yanayinsa na asali.

Mai shagon kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da biyan kuɗin makaranta, kada ka sa mai toshe sikirif mai tsanani a injin da ake biyan kuɗi da shi. Ware burauza ɗaya tsaf, babu ƙari ko ɗaya, don biya da rajista kawai, sauran yawo a yi shi a Firefox mai uBlock Origin. In injinan naka har yanzu Windows 7 ne, ka sani Chrome ta tsaya a siga 109 tun farkon 2023, Firefox kuma layin 115 ESR ne na ƙarshe da ke hawa kansu, don haka shi za ka ɗora, ka fara tanadin ɗaga injinan.

Kwamfutar gida da Baba da Inna da yara ke taɓawa kuwa, uBlock Origin yadda ya zo, ko Brave yadda ta zo, kada a kunna toshe sikirif ko ɗaya. In shafin asibiti ko na fansho ya ƙi buɗewa kana kasuwa, ba mai sanin wane akwati zai mayar toka.